Idan BCG Ya Gaza: Muhawara a Kan Haɗa Magungunan Garkuwa Don Sankarar Mafitsara

Sankarar mafitsara tana da wani hali da ke gajiyar da likita da majinyaci baki ɗaya: a kore ta, ta dawo. A cikin mutum huɗu da aka gano cutar a jikinsu, uku ana samunsu ne tun tana kan fatar da ta lulluɓe cikin mafitsara, ba ta nutsa cikin tsoka ba. A wannan mataki likita kan zura siririyar na'ura ta hanyar fitsari ya kankare ƙarin, ba tare da ya tsaga ciki ba. Sai dai kankarewa ba ta kashe magana. Duk bayan wata uku majinyacin zai koma a leƙa mafitsararsa, kuma ga masu nau'in da ya fi tsanani, sau da yawa leƙen kan nuna cewa abin ya sake tsirowa.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan 614,000 ne suka kamu da wannan cuta, kusan 220,000 kuma suka rasu ta dalilinta. Maza sun ninka mata wajen sau huɗu, kuma taba sigari ce ke da alhakin kusan rabin kamuwar a Turai da Amurka. Yawancin majinyatan tsofaffi ne. A Amurka matsakaicin shekarun da ake gano cutar shi ne 73.

Maganin da ya daɗe yana riƙe da wannan fage ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da yake ba da wannan aiki aka san shi ba. BCG, allurar riga-kafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, wadda ke barin ɗan tabo a dantse, ita ce. Albert Calmette da Camille Guérin ne suka raunana ƙwayar tarin shanu a cibiyar Pasteur da ke Lille, aka fara ba ɗan Adam ita a 1921. A 1976 wani likitan mafitsara mai suna Alvaro Morales a garin Kingston na Kanada ya ba da rahoton majinyata tara da ya zuba wa wannan ƙwaya cikin mafitsara ta robar fitsari, sau ɗaya a mako har mako shida, ƙarin nasu kuma ya rage dawowa sosai. Abin da ke faruwa shi ne, majinyaci ya riƙe ruwan kamar awa biyu, ƙwayar ta manne a bangon mafitsara, wurin ya yi kumburi, sojojin jiki su yi dafifi zuwa yaƙar ta, a cikin haka su gamu da ƙwayoyin sankara su far musu. Daga baya wani babban gwaji da Donald Lamm ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2000, ya nuna cewa idan aka riƙa maimaita zubin lokaci zuwa lokaci har shekara uku, kāriyar ta fi ɗorewa. Tun kafin maganin garkuwar jiki ya zama abin yayi a asibitocin sankara, likitocin mafitsara suna aiki da shi.

Matsalar ita ce BCG ba ya yi wa kowa. Kusan mutum huɗu cikin goma cutar kan dawo musu. Wanda ya sha zubin yadda ya kamata, wato aƙalla biyar daga cikin shidan farko da biyu daga zagaye na gaba, sannan cutar ta dawo da tsananinta cikin 'yan watanni, likitoci kan ce BCG ya daina ji a jikinsa. Mafi wahala a cikinsu su ne masu nau'in da ake kira CIS, wanda ba ya tasowa ya zama ƙulli, sai dai ya shimfiɗu ja-ja a bangon mafitsara, ta yadda ba a iya kankare shi a ce an gama.

Shawarar da ke rubuce a littattafan likitanci ga irin wannan majinyaci ita ce a cire mafitsarar gaba ɗaya. Tiyatar tana warkarwa, babu musu. Amma babba ce. Ga namiji ana haɗawa da halittar furostet da ke ƙarƙashinta, ga mace kuma sau da yawa har da mahaifa. Sai a yanko wani yanki na hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya zuwa jakar da ke manne a ciki, ko a ɗinka sabuwar mafitsara da hanjin. Wani nazari a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, kan majinyata fiye da 1,100, ya samu cewa kusan biyu cikin uku sun gamu da wata matsala cikin kwana casa'in bayan aikin. Ga dattijo mai ciwon zuciya ko ƙoda, tiyatar kanta tana iya zama ajali. Ga musulmi kuma akwai ƙarin damuwa ta tsarki da alwala, ko da yake malamai sun yi sauƙi ga mai larurar yoyon fitsari. Shi ya sa da yawa ke cewa a ba su wani abu dabam tukuna.

Shekara da shekaru wannan "wani abu dabam" kusan babu shi. Valrubicin, da aka amince da shi a Amurka a 1998, yana share cutar ne a mutum ɗaya cikin biyar, kuma ba ya daɗewa. Ƙofa ta buɗe a 2018, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ga waɗannan majinyata za ta karɓi gwajin da ke da rukuni ɗaya tak, ba sai an raba mutane gida biyu an kwatanta ba, tunda babu wani magani mai kyau da za a kwatanta da shi. Kamfanoni suka yi ca. A Janairun 2020 aka amince da pembrolizumab, wanda ake sawa ta jijiya duk mako uku. A cikin majinyata 96 da aka gwada shi a kansu, cutar ta ɓace a 39 bayan wata uku, amma waɗanda suka kai shekara ba ta dawo ba 18 ne kawai. A ƙarshen 2022 nadofaragene ya biyo baya, wata ƙwayar bairos ce da aka hana ta hayayyafa, aka ɗora mata saƙon da ke sa ƙwayoyin mafitsara su riƙa haɗa sinadarin interferon da kansu. Ya share cutar a rabin majinyata da ɗan ɗoriya, amma bayan shekara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka saura lafiya.

Daga wannan giɓi ne tunanin haɗa magunguna ya taso, kuma hujjar masu wannan ra'ayi ba ta wasa ba ce.

Suna farawa ne daga yadda garkuwar jiki take aiki. Kiran sojoji zuwa mafitsara abu ɗaya ne, samun su yi yaƙi wani abu ne. Ƙwayoyin sankara suna da dabarar yi wa sojojin jiki da ake kira ƙwayoyin T dabaibayi: suna fito da wani sinadari a jikinsu da ke kama wata mahaɗa mai suna PD-1 a jikin sojan, sai ya tsaya cak ga abokin gaba a gabansa. Tasuku Honjo ne ya gano wannan mahaɗa a Kyoto a 1992, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel da James Allison a 2018. Magunguna irin su pembrolizumab aikinsu kwance dabaibayin. To amma kwance shi ba ya da amfani idan babu sojan da ya zo wurin, haka nan tara sojoji ba ya da amfani idan duk a ɗaure suke. An kuma lura cewa a wasu majinyatan da BCG ya gaza, ƙarin nasu ya fi yawan wannan sinadari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu wannan ra'ayi. A sa wani magani ya yi kira, wani ya sake waɗanda suka amsa kiran.

Misalin da suka fi alfahari da shi ya fito ne daga wani ƙaramin gwaji mai suna CORE-001, wanda Roger Li na cibiyar sankara ta Moffitt da ke Tampa a jihar Florida ya jagoranta, aka wallafa shi a mujallar Nature Medicine a 2024. An haɗa pembrolizumab da cretostimogene, wata bairos daga dangin masu kawo mura wadda aka gyara ta yadda ba ta hayayyafa sosai sai a cikin ƙwayoyin da tsarin rabuwarsu ya lalace, kamar na sankara. Idan ta shiga ta yawaita sai ƙwayar ta fashe, tarkacenta ya bazu, sojojin jiki su gan shi su gane abokin gaba. An kuma ɗora mata saƙon haɗa wani sinadari da ke ƙara janyo su. A cikin majinyata 35, cutar ta ɓace a 29 a wani lokaci na gwajin. Bayan shekara ɗaya 20 suna nan ba ta dawo ba, bayan shekara biyu kuma fiye da rabinsu. Babu ko ɗaya da cutar ta nutsa cikin tsokarsa. Wanda ya ajiye wannan kusa da 18 cikin 96 na pembrolizumab shi kaɗai zai fahimci dalilin da ya sa likitoci suka miƙe zaune.

Akwai kuma haɗin da ya riga ya shiga kasuwa. A Afrilun 2024 FDA ta amince da Anktiva, na kamfanin ImmunityBio, wanda ake gauraya shi da BCG a zuba su tare cikin mafitsara. Shi kwaikwayo ne na wani sinadarin jiki da ake kira IL-15, mai sa ƙwayoyin T da wasu sojojin da ake kira NK su yawaita su ƙara kuzari. A cikin majinyata 77 da hukumar ta ƙirga, cutar ta ɓace a kashi 62 cikin 100, kuma fiye da rabin waɗannan sun wuce shekara ba ta dawo ba. Da aka gwada shi shi kaɗai ba BCG a mutum goma, biyu ne kawai suka ji sauƙi, aka rufe wannan rukuni. Ga masu goyon bayan haɗi, wannan shaida ce cewa ƙarfin yana cikin gamayyar. Kuma da yake duka biyun a mafitsara suke tsayawa, illar ba ta wuce ta BCG da aka saba da ita ba: zafin fitsari, yawan zuwa bayi, ɗan jini, zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu.

Masu ja da baya ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma. Tambayarsu ita ce: da me aka kwatanta?

Majinyata 35 ba su da yawa, kuma waɗanda ake zaɓa su shiga gwaji galibi sun fi sauran ƙarfin jiki. Ajiye sakamakon wani gwaji kusa da na wani, alhali asibitoci daban, shekaru daban, ƙa'idar ƙirga daban, hanya ce da ta sha yaudarar likitoci. Wasu gwaje-gwajen sun yarda a sake yi wa wanda bai ji sauƙi ba zagaye na biyu a ƙirga shi cikin masu nasara, wasu ba su yarda ba. Wannan kaɗai yana iya ɗaga alƙalami sama da maki goma. Ko a gwajin Anktiva, an nuna cewa maganin yana buƙatar BCG, amma ba a nuna yawan abin da BCG ke buƙata daga maganin ba, domin babu rukunin da aka sake ba BCG zalla. Alhali an san cewa maimaita BCG shi kaɗai kan yi tasiri ga wasu daga cikin waɗanda aka ce ya daina ji a jikinsu.

Tsofaffin likitoci sun taɓa ganin irin wannan murna. A farkon shekarun 2000 an yi ta zuba BCG tare da interferon, aka tara majinyata kusan dubu a wani gwaji mai rukuni ɗaya, sakamako ya yi kyau, haɗin ya bazu a asibitocin Amurka. Da aka zo aka yi gwajin ƙuri'a, inda aka raba majinyata 670 waɗanda ba su taɓa shan BCG ba, aka wallafa a 2010, sai aka ga interferon bai ƙara komai ba sai zazzaɓi da ciwon jiki. Dalilin haɗin yana da ma'ana a ɗakin bincike, kamar yadda na yau yake da ita. Jikin ɗan Adam ne bai bi lissafin ba.

Abin da ya fi ƙarfafa wannan ɓangare ma sabo ne. Ita kanta cretostimogene an gwada ta ita kaɗai a majinyata 110, a gwajin BOND-003. Cutar ta ɓace a kusan kashi 75 cikin 100, bayan shekara kuma kusan kashi 46 suna lafiya, ba tare da an samu ko mutum ɗaya da maganin ya yi wa mummunar illa ba. A gwajin haɗin kuwa, biyar cikin 35 sun gamu da illa mai tsanani. Saboda haka kwatancen da ya dace da CORE-001 ba pembrolizumab shi kaɗai ba ne, bairos ɗin ce ita kaɗai, kuma a nan tazarar ta ragu ƙwarai. Wataƙila ma ita ce ta yi mafi yawan aikin.

Gwajin SunRISe-1 na kamfanin Johnson & Johnson ya fi wannan ba da mamaki, domin shi a cikin gwaji guda aka jera rukuni uku. Akwai wata 'yar roba mai suna TAR-200 da ake sakawa cikin mafitsara tana tsiyayar da maganin gemcitabine a hankali har mako uku. An ba wasu ita kaɗai, wasu aka ba su cetrelimab, ɗan'uwan pembrolizumab, shi kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu. Robar ita kaɗai ta share cutar a kusan kashi 82 cikin 100. Haɗin ya tsaya a kusan 68, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka haɗa wa sun sha mummunar illa, ninki kusan uku na masu robar kaɗai. Kamfanin ya ajiye haɗin ya nemi izinin robar, aka ba shi a Satumbar 2025. Gaskiya ne gemcitabine ba maganin garkuwa ba ne, amma darasin a fili yake: ƙara magani na biyu yana iya rage amfanin na farko, musamman idan illarsa ta sa majinyaci ya daina karɓar duka biyun.

Illar nan kuma ba a kamata a wuce ta da sauri ba. Dabaibayin da ake kwancewa ba sankara ce ta ƙirƙire shi ba. Jiki ne ya tanade shi don kada sojojinsa su juya su afka masa. Idan aka kwance shi a duk jiki, suna iya taɓa huhu, hanta, hanji, fata, ko halittar tayirod da ke wuya. Yawancin waɗannan ana shawo kansu da magani. Wasu kuwa ba sa tafiya: akwai wanda zai riƙa shan ƙwayar tayirod har ƙarshen rayuwarsa, akwai wanda zai wayi gari da ciwon sukari mai buƙatar allurar insulin. Ga wanda sankararsa ta bazu a jiki, wannan ciniki ne da za a iya yi da hannu bibbiyu. Ga wanda cutarsa ke saman fatar mafitsara, kuma akwai tiyatar da za ta iya raba shi da ita, lissafin ya sha bamban.

Shekarar 2025 ta kawo abin da aka daɗe ana jira, wato manyan gwaje-gwajen ƙuri'a, ko da yake an yi su ne a kan waɗanda ba su taɓa shan BCG ba, ba waɗanda ya gaza musu ba. Kowane ɓangare ya samu abin kamawa. A gwajin CREST, mai majinyata 1,055, an haɗa BCG da sasanlimab na kamfanin Pfizer, wani ɗan'uwan pembrolizumab wanda ake yi a ƙarƙashin fata. Bayan shekara uku, kashi 82 na masu haɗin ba su ga dawowar cutar mai tsanani ba, idan aka kwatanta da kashi 75 na masu BCG zalla. Gwajin POTOMAC, mai majinyata 1,018, da aka yi da durvalumab na AstraZeneca, ya samu kusan irin wannan riba. Wannan ne karo na farko cikin shekaru da dama da wani abu ya ɗara BCG a gwaji na adalci, kuma masu goyon bayan haɗi suna da haƙƙin faɗin haka da ƙarfi. Amma a taron likitocin sankara na Turai da aka yi a Berlin a watan Oktoba, inda aka gabatar da POTOMAC, a nan aka gabatar da ALBAN na Faransa, mai majinyata 517, wanda ya haɗa BCG da atezolizumab bai ga wani bambanci ba ko kaɗan.

Ko a inda aka yi nasara, sai a duba farashinta. A CREST mummunar illa ta samu kashi 29 na masu haɗin, kashi 6 kawai na masu BCG. A POTOMAC kashi 21 ne da kashi 4. Wato idan aka ba mutum ɗari haɗin CREST, kusan bakwai ne za su tsira daga dawowar cutar da da ta dawo musu, yayin da sama da ashirin za su gamu da illar da da ba su gamu da ita ba. Masu kāre haɗin kan amsa cewa wasu daga cikin waɗannan illoli sauyi ne kawai a gwajin jini wanda majinyaci bai ma ji ba, kuma dawowar sankara tana nufin sabuwar tiyata, sabon tsoro, wataƙila rasa mafitsara. Amsa ce mai nauyi. Duk da haka har zuwa lokacin da aka bayyana sakamakon, babu ɗaya cikin gwaje-gwajen da ya tabbatar da cewa haɗin yana ƙara tsawon rai.

Sai maganar lokaci, wadda likitocin fiɗa suka fi nanatawa. Kowane sabon magani yana cin wata uku zuwa shida kafin a san ya yi ko bai yi ba. Yanzu da magunguna suka yawaita, majinyaci na iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan har shekara biyu, cutar kuwa tana iya nutsawa cikin tsoka ba tare da na'urar leƙe ta gani ba. Harry Herr na Memorial Sloan Kettering ya nuna tun 2001 cewa waɗanda aka cire wa mafitsara cikin shekara biyu da fara BCG sun fi waɗanda aka jinkirta wa tsira nesa ba kusa ba. Garin neman gira ana iya rasa ido. Wani nazari na baya-bayan nan a Amurka mai suna CISTO, wanda ya bi majinyata 570 da suka zaɓa da kansu tsakanin tiyata da magani, ya ƙara dagula tunanin da aka saba da shi: bayan shekara ɗaya ƙarfin jikin rukunan biyu kusan ɗaya ne, waɗanda aka yi wa tiyata ma sun fi kwanciyar hankali, ko da yake sun fi fama da matsalar hanji da ta kwanciyar aure. Ashe mafitsarar da ake ta faman ceto, rayuwa da ita cikin zullumin leƙen kowane wata uku ita ma tana da nata nauyi.

Kuɗi ma yana cikin muhawarar. A 2024 an sa wa Anktiva farashin kusan dala 35,800 a kowane zubi, kuma zagayen farko kaɗai zubi shida ne, ban da na ci gaba. Sannan duk haɗin da aka gina a kan BCG ya dogara ne da abin da ke ƙaranci. Bayan ambaliya da tsiron fumfuna a masana'antar Sanofi da ke Toronto, aikin ya tsaya a 2012, kamfanin kuma ya fita daga harkar a 2017, aka bar Merck shi kaɗai yana ciyar da kasuwar Amurka. Tun 2019 ake rabon BCG da awo, wasu asibitoci suna raba kwalba ɗaya ga mutum uku. Gwajin CREST ya nuna cewa sasanlimab bai yi amfani ba a rukunin da aka tsayar wa BCG bayan mako shidan farko. Haɗin bai rage buƙatar BCG ba ke nan, ya ma ƙara jaddada ta.

Idan aka auna duka, kalmar "haɗi" ta rufe abubuwa biyu da bai kamata a yi musu hukunci ɗaya ba. Haɗin da ke tsayawa cikin mafitsara, irin na Anktiva da BCG, ko da ribarsa ba ta kai yadda ake tallata ta ba, cutarwarsa ga jiki kaɗan ce, kuma dattijon da ba zai jure tiyata ba yana da dalili mai kyau na gwada shi idan akwai mai biya. Haɗin da ke bi ta jini ya zagaya duk jiki kuwa, shi ne ke da bashin hujja a kansa, kuma ga waɗanda BCG ya gaza musu bai biya wannan bashi ba tukuna. Sassaucin da FDA ta yi a 2018 ya dace da lokacin da babu komai. Yanzu da akwai magunguna huɗu ko biyar a kan tebur, babu uzurin kawo na shida ba tare da an gwada shi kafaɗa da kafaɗa da wani ba, an kuma nuna abin da kowane ɓangare na haɗin ya ƙara. Haka nan ya kamata likita da majinyaci su yanke tun farko zagaye nawa za a gwada kafin a koma ga wuƙa, musamman idan ƙarin ya riga ya fara cin ƙarƙashin fatar.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai so ya san inda wannan ya shafe shi. A yankunan da tsargiya ta yi katutu, wato inda yara ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa, ƙwan tsutsar da ke maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru yana haifar da wani nau'in sankara dabam, wanda BCG ba maganinsa ba ne. Asibitocin koyarwa na arewacin Najeriya sun sha ba da rahoton cewa wannan nau'i yana da yawa a cikin majinyatansu, kuma akasari sai cutar ta shiga tsoka ake zuwa. Dalili ɗaya shi ne sabo: wanda ya tashi yana ganin jini a fitsari tun yana yaro ba ya firgita idan ya sake gani yana da shekara hamsin. Masar ta ga wannan nau'i ya ragu sosai bayan ta yaƙi tsargiya. A nan, ƙwayar praziquantel ta maganin tsargiya da samun na'urar leƙen mafitsara a kusa sun fi duk magungunan da aka lissafa a sama gaggawa, domin muhawarar ceton mafitsara ta wanda aka gano cutarsa da wuri ce.

Akwai kuma haɗi guda da babu kamfanin da ke tallata shi. A Jami'ar Iowa, Michael O'Donnell da abokan aikinsa sun fara zuba tsofaffin magungunan sankara biyu, gemcitabine da docetaxel, ɗaya bayan ɗaya cikin mafitsara. Duka biyun lasisin mallakarsu ya ƙare, ana samunsu da araha a ƙasashe da yawa. Wani rahoto na 2020 daga asibitoci da dama, kan majinyata 276 da cutar ta dawo musu bayan BCG, ya samu cewa kusan rabinsu sun kai shekara biyu ba tare da nau'i mai tsanani ya dawo ba. Shi ma wannan rahoto yana da aibin da ake zargin sauran da shi, domin waiwaye ne a kan takardun asibiti, babu rukunin kwatance. Bambancin shi ne an ɗauki matakin gyara: gwajin BRIDGE, wanda Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka ke ɗaukar nauyinsa, an tsara shi ya raba majinyata kusan 870 waɗanda ba su taɓa shan BCG ba ta hanyar ƙuri'a, rabi su karɓi waɗannan magunguna biyu, rabi su karɓi BCG.